Gida Biyu, Kati Ɗaya: Lafiyar Uwa Da Ɗa A Zamanmu Na Sabo

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya gabatar a babban taron shekara, a Sabo, Ibadan



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu da limamanmu, Allah Ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, masu unguwanni, shugabannin 'yan kasuwa na Bodija da Shasha da na Kara, iyayenmu mata, samari da 'yan mata, jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode muku da kuka baro sana'o'inku kuka halarci wannan zama.

Bayan haka, shugabanni sun ɗora wa wannan kwamiti nauyin yin bayani a kan shirye-shiryen gwamnati na kula da lafiyar mata masu juna biyu da ƙananan yara, da yadda za mu ci moriyarsu. A yi mana haƙuri, maganar za ta ɗan yi tsawo, kuma za ta taɓa al'amuran da ba mu saba faɗa a bainar jama'a ba. Amma idan kunya ta hana mu faɗa a nan, to za mu je mu faɗa a wurin ta'aziyya.

Tun 1916 aka kafa wannan unguwa ta Sabo. Kakanninmu fataucin goro da shanu ya kawo su. Yau a cikinmu akwai wanda a nan Badun aka haife shi, aka haifi ubansa, har da kakansa. Duk da haka, in ka tambaye shi ina ne gida, sai ya ce maka Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Zazzau, wani ma ya ce Maraɗi. Mu masu gida biyu ne. Hausawa kuwa sun ce gida biyu maganin gobara. Haka ne a wajen fatauci da zumunci. Amma a wajen awon ciki da allurar rigakafi, a tsakanin gidajen nan biyu ne ake yi mana asara. Dalili shi ne, shirin gwamnati an gina shi ne a kan mutumin da yake zaune wuri guda: an rubuta sunan matarsa a rajistar asibitin unguwa, an san gidansa, an san ranar da za a dawo da ɗansa. Mu kuwa ciki a Badun, haihuwa a Kano, arba'in a kan hanya, yaye a wajen kaka. Asibitin can yana zaton an ƙarasa a nan, na nan kuma yana zaton an yi a can. Wannan giɓi shi ne abin da muka zo mu yi magana a kansa yau.

Girman Matsalar

Bari mu fara da alƙaluma kaɗan, don kada a ce ƙarin gishiri muke yi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata 512 ne ke rasa ransu a dalilin ciki ko haihuwa. Ya kuma nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai, mata kimanin 82,000 suka mutu a Nijeriya ta wannan hanya, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka mutu haka a duniya.

A cikin wancan bincike na 2018 akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A Arewa maso Yamma, inda yawancinmu muka fito, matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba. A nan Kudu maso Yamma kuwa sun haura bakwai cikin goma. To mu a wane layi muke? Jikinmu yana nan inda asibiti yake a bakin ƙofa, ɗabi'armu kuwa da yawanmu tana can. Daga nan Sabo zuwa babban asibitin koyarwa, UCH, ko asibitin haihuwa na Adeoyo da ke Yemetu, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ga asibitin yara na Oni Memorial a Ring Road, ga ƙananan asibitocin ƙaramar hukuma. Mutumin ƙauye da ke tafiyar rabin yini kafin ya ga likita yana da uzuri. Mu namu uzurin ƙarami ne.

Asalin Shirin

Wannan kati da ake ba uwa a asibiti, mai layin nauyin yaro, ba daga nesa ya zo ba. A nan ƙasar Yarabawa aka ƙirƙiro shi. Wani likitan yara ɗan Ingila, Dakta David Morley, wanda ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile tun ƙarshen shekarun 1950, shi ya fito da asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar da katin auna girman yaro, kuma ya ce a bar katin a hannun uwa, ta tafi da shi gida. Daga nan ƙasashen duniya suka ɗauka. Ku lura da hikimar: kati a hannun uwa, don duk inda ta je tarihin ɗanta ya bi ta. Kamar don mu aka yi.

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince a kai lafiya matakin farko kusa da talaka. A ƙarshen shekarun 1970 ɗin ne Nijeriya ta fara shirin rigakafin yara na ƙasa. Manyanmu za su tuna zamanin marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. A lokacinsa ne rediyo da talbijin suka cika da zancen rigakafi, da ruwan gishiri da sukari, da shayar da nonon uwa. A 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya na tushe. Wannan kuɗi na kowane ɗan ƙasa ne, ba a ce sai ɗan asalin jiha ba.  Don haka matar da ta je awo ko ta kai ɗanta rigakafi, haƙƙinta ta je karɓa, kada ta shiga tana raɓe-raɓe kamar mai roƙo.

Awon Ciki

A al'adarmu mace ba ta faɗin ciki, musamman na fari. Sai ya fito kowa ya gani. Kunya abin yabo ce, amma ma'aikatan lafiya suna so mace ta fara awo tun cikin wata uku na farko, kuma tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ga mai ciki aƙalla sau takwas kafin ta haihu.

Wani zai ce, me ake yi a awon nan in ban da zaman layi? To ga shi. Ana gwada hawan jini, domin shi ne ke kawo jijjiga, ciwon nan da mace ke sandarewa tana fizge-fizge, wanda wasu ke cewa iska ce, a tsaya ana hayaƙi har lokaci ya ƙure. Ana duba fitsari. Ana duba yawan jini da rukuninsa, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Ana ba ta maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro aƙalla sau uku, daga wata na huɗu. Ana yi mata allurar da ke kare ta da jaririn daga ciwon sarƙewar haƙora, wanda ke shiga ta cibiya. Ana duba kwanciyar ɗa, a gane ko a gicciye yake, ko tagwaye ne, ko mabiyiya ta tare hanya. Duk waɗannan ba a ganinsu da ido a gida, ko da ungozoma ta shekara arba'in tana karɓar haihuwa.

Wannan kuma ba zancen Turawa ba ne. A Zariya aka tabbatar da shi. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa sama da 22,000 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da suka gano shi ne, mace-macen ya fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kwaso su.

Yanzu ga inda gida biyu ya shigo. Yarinya ta yi awo sau uku ko huɗu a nan. Ciki ya tsufa, aka ce ta tafi goyon ciki wajen iyayenta. Aka sa ta a mota, tafiyar yini da kwana, a wata na tara, katin kuma yana nan cikin durowa. Can gida ba wanda ya san nas ta ce jininta yana hawa, ko ɗan bai juya ba. Ba mu ce a bar goyon ciki ba, domin yarinya tana bukatar uwarta a haihuwar fari. Abin da muke roƙo huɗu ne. A gaya wa ma'aikaciyar awo cewa za a yi tafiya, a ji shawararta. A tafi da wuri, kada a bari sai watan haihuwa. A tafi da kati da duk takardun gwaji da hoton ciki. Da an isa kuma, a cikin makon nan, a kai ta asibitin da ke kusa ta ci gaba da awo. Idan kuwa likita ya ce wannan ciki mai haɗari ne, to alhaji, ka biya wa surukarka kuɗin mota ta zo nan. Kuɗin motar tsohuwa guda bai kai kuɗin jinya ba.

Ranar Naƙuda

Iyayenmu maza, wannan ɓangaren namu ne. Yawancinmu sana'armu ta fita ce. Wani yana Kara tun asuba, wani ya bi tirela Arewa sayen kaya, wani yana Ikko. Naƙuda kuwa ba ta duba ko maigida yana nan. Sau da yawa mace na zubar da jini, maƙwabta sun taru, amma an ce ba za a fita da ita ba sai an samu mijinta a waya. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace a cikin sa'a biyu. Saboda haka kowane magidanci ya ba da izini tun yau, a gaban uwarsa ko maƙwabcinsa: in abu ya taso, a kai ta asibiti ko ina nan ko ba na nan. Ya kuma ajiye kuɗin mota da na shiga asibiti a hannun wanda ke kwana a gida, ya riƙe lambar direba guda da zai amsa kira da tsakar dare.

Alamomin da ba a jira da su kowa ya haddace: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu, kumburin fuska da hannaye, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, ɗa ya daina motsi, da naƙudar da ta wuce sa'a goma sha biyu. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Wanda ya taɓa zuwa Babbar Ruga a Katsina ya ga 'yan matan da ke jiran aiki, ba zai bari a kwana biyu ana jiƙa wa 'yarsa rubutu tana durƙushe ba. A sha rubutu, a yi addu'a, amma a yi a cikin mota ana tafiya. Yankan gishiri kuma a bar shi gaba ɗaya. Ba ya buɗe hanya, sai dai ya huda mafitsara ko ya jawo zubar jini.

Sai maganar tiyata. Wasu na ganin gazawa ce a ce an yi wa mace aiki an ciro ɗa, kishiyoyi su samu abin gori. Wasu kuma tsoron kuɗi ke sa su ƙi sa hannu. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yin wannan aiki kyauta ga mata marasa ƙarfi a zaɓaɓɓun asibitoci. A tambaya tun lokacin awo wane asibiti ne ke cikin shirin kuma wace takarda ake bukata, kada a bari sai an shiga ɗakin tiyata. Haka nan akwai hukumar inshorar lafiya ta Jihar Oyo, wadda ɗan kasuwa ma zai iya shiga da iyalinsa.

Jini kuwa ba a sayar da shi a kanti. In an ce a kawo leda biyu, sai ka ga 'yan'uwa sun zame ɗaya bayan ɗaya. Namiji mai lafiya in ya ba da leda guda, jikinsa yana mayarwa cikin 'yan makonni, ba ya rage masa ƙarfi ko kaɗan.

Jego

Iyayenmu mata, a gafarce mu, za mu shiga ɗakinku. Mun san wankan jego da kunun kanwa gata ne ake yi wa mai jego, kuma da ƙauna kuke yi. Amma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a cikin masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin wanka, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da yawan kanwa. Kanwa tana tara ruwa a jiki kamar yadda gishiri ke yi, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki a lokacin da ta gaji. A sassauta ruwan ya zama mai ɗumi, a rage kanwa ƙwarai. Wadda aka ce tana da hawan jini kada ta sha sam. In kuka ga mai jego tana kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, wannan ba sanyi ba ne da za a ƙara wuta, asibiti za a kai ta.

Nonon farko, wato dakashi, kada a matse a zubar. Shi ne rigakafin farko na jariri, a sa shi a nono a cikin sa'ar farko. Daga nan nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo. Mun san za a ce ƙishirwa za ta kama shi. Mafi yawan nono ruwa ne, kuma ruwan rijiya ko na leda da za a ɗura masa shi ke kawo zawo. Cibiya kuma kada a sa mata toka ko man goge baki ko wani gari. Akwai maganin shafawa da ake bayarwa a asibiti. Cire beli da wanzami ke yi, shi ma ya jawo wa jarirai da yawa zubar jini da cuta.

Allurar Rigakafi

Rigakafi kyauta ne a duk asibitin gwamnati, a nan da can gida, kuma tsarin iri ɗaya ne daga Badun har Sakkwato. Ga yadda yake. Da haihuwa: allurar tarin fuka a damtse, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna. A mako 6, da mako 10, da mako 14: allurar cinya mai kare cuta biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, tare da ta ciwon nimoniya, da ɗigon shan inna, da ɗigon kariya daga zawo mai tsanani wanda aka ƙara a 2022. A wata 9: ƙyanda, da shawara, da sanƙarau. A wata 15: ƙyanda karo na biyu.

Ku duba mako 6 ɗin nan. Kwana 42 ke nan, wato daidai da gama arba'in. A lokacin ne mai jego ke yawon arba'in, ana haɗa mata gara, ana neman motar dawowa. Allura ta wuce ba a sani ba. In ta iso nan, sai ta ji nauyin zuwa asibitin da ba a can ta haihu ba, ko ta ji tsoron faɗan nas. Shi ke nan, yaro ya tashi da tabon damtse kaɗai, uwa na zaton an yi masa rigakafi. To mu mai da shi al'ada: ranar da aka gama wanka, washegari asibiti, kafin a shiga gidan kowa. Kuma a sani, in an tsallake allura ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, a kowane asibiti. Ko kati ya ɓace a je, za a yi tambayoyi a ba da sabo. Mura ko ɗan zawo ba sa hana rigakafi. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu bayan allurar cinya kuwa alama ce jiki ya karɓa, yana wucewa.

Haka nan lokacin yaye, in za a kai yaro wajen kakarsa, a duba an yi ta wata 15, a kuma haɗa katin cikin kayansa. Mutanenmu na Kabi su lura: a watan Disamba na 2024 aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kabi da Bayelsa, kuma sau huɗu ake yin ta. In an fara wa ɗanka a can, ka nuna katin a nan ka nemi shawara. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma, tun 2023 aka fara yi musu allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa.

Kada wani ya ce cututtukan nan sun zama tarihi. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a ƙasar nan, Kano ce ta fi jin jiki, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Motar da ke kawo mana albasa da tumatir kullum, ita ce ke kai 'ya'yanmu hutu ta dawo da su. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Maganar Zargi

Mun san akwai masu shakka a zauren nan, kuma shakkar tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani a kan yara a Kano, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi, bisa zargin yana hana haihuwa. An yi gwaje-gwaje, aka koma yi a 2004. Amma a ɗan tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara da yawa suka shanye. Daga baya sarakunan Arewa, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka shige gaba. A 2016 aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Nijeriya, a Jihar Barno, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci, ga su nan a cikinmu da goyo a baya. Ɗigon da ake ci gaba da bi gida-gida ana yi, saboda wani nau'in cutar ne da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. In sun ƙwanƙwasa, a buɗe musu.

Harshe Da Mu'amala

Akwai koke da matanmu ke kawo wa kwamiti, kuma gaskiya ne. Amarya ta zo daga Arewa, ba Yarabanci ba Turanci. Ta je awo, an yi bayani ba ta ji ba, an daka mata tsawa a gaban mutane, wani lokaci kuma namiji ne zai duba ta. Ta dawo ta ce ita da asibiti har abada. Wulaƙanci ba daidai ba ne, kuma shugabanni suna da bakin da za su kai ƙara. Amma fushi da asibiti, ɗanka ne zai biya. Muna da 'ya'ya mata haifaffun nan da Yarabanci ya zauna a bakinsu kamar Hausa, wasu ma sun yi karatun jinya. Su ne maganin wannan matsala. Mace kuma tana da damar ta nemi mace ta duba ta in akwai.

Kafin mu rufe, abu biyu a gurguje. Yaro in yana zawo, a jiƙa garin gishiri da sukari na leda a cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, tare da ƙwayar zinki kwana goma, a ci gaba da nono. In ido ya faɗa ko ya kasa sha, asibiti. Zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a sayi magani a kyamis. Gidan sauron da aka raba, a ɗaura wa mai ciki da yara, kada a kai shi rufin tumatir.

Abin Da Muke Nema Ga Wannan Taro

Kwamiti yana gabatar da shawarwari biyar, in taro ya amince.

Na farko, a buɗe rajistar masu ba da jini, a gwada rukunin kowa, a ajiye sunaye a ofishin ƙungiya da wajen masu unguwanni.

Na biyu, direbobinmu su fitar da jerin waɗanda za a kira da dare, kuɗin mai kawai za a biya. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa ta yi irin wannan a wasu jihohin Arewa, ya kuma ceci mata.

Na uku, a kafa asusun gaggawa na haihuwa, kowane ɗan ƙungiya ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa duk wata, a ranta wa wanda abu ya rutsa da shi. Adashi muka iya, wannan ma adashi ne.

Na huɗu, reshen mata ya zaɓi masu rakiya a kowace unguwa, waɗanda za su kai baƙuwa awon farko, su kuma ziyarci duk wadda ta dawo daga wanka su duba katin jaririnta.

Na biyar, muna roƙon malamanmu, Allah Ya gafarta muku, ranar suna bayan an yi addu'a, a tambayi uban jariri a gaban jama'a ko an yi allurar haihuwa. Kalma ɗaya daga bakinku ta fi jawabin kwamiti goma.

Jama'a, rai da ajali na Allah ne, babu mai jayayya. Amma dukkanmu nan muna kulle shago da dare, muna ɗaure kaya da igiya kafin mota ta tashi. Matanmu da 'ya'yanmu sun fi kaya. Duk matar da za ta hau mota zuwa gida, ko za ta dawo, mai rakiya ya tambaye ta kafin mota ta tashi: Hajiya, kin ɗauko katin?

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.